Zafin tafin ƙafa da daddare: likitoci biyu, magana biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan tafin ƙafafuna biyu suna yi mini zafi kamar na taka garwashi, musamman da daddare, har ba na iya jure taɓawar bargo a kan yatsuna. Likita na farko ya ce daga ƙashin baya matsalar take, na biyu kuma ya ce jijiyoyin ƙafar ne suka fara lalacewa, alhali gwajin da aka yi mini da wutar lantarki bai nuna komai ba. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Wannan gwajin manyan jijiyoyi kawai yake aunawa, shi ya sa idan ƙananan da ke ɗauko jin zafi da sanyi ne suka taɓu, sakamakon kan fito lafiya lau. Su sai an ɗebi ɗan guntun fata an duba. Kuma ciwon da ya taso daga ƙashin baya ya fi sauka ta ƙafa ɗaya, naka kuwa biyu ne.

Amsa: Ɗan'uwa, an auna maka HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sugan jikinka na kusan wata uku? Daga kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ne, shi kuwa yakan lalata jijiyoyin ƙafa. Ni shekara guda na yi ina wahala da irin wannan zafin kafin a gano ƙarancin bitamin B12 ne, wanda maganin suga na metformin da nake sha ya jawo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Suga na yatsa kawai aka duba, B12 kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Zan nemi a yi mini su duka.