Soyayyar baƙa da Bature a Afirka ta Kudu, ya zan rubuta ta?

Yar Zazzau:
Salam yan uwa, labari nake rubutawa akan wata yarinya baƙa mai aikatau a Johannesburg da ɗan masu gidan Bature, shekarar 1955, wlh abun ya tsaya min a rai har bacci yake hana ni, shin zai yiwu suyi aure a lokacin? Dan Allah a taimaka.

Malamin Tarihi:
Aure kam babu hanya ƙanwata. Tun 1949 gwamnatin wariyar launin fata ta haramta aure tsakanin farare da sauran jinsi, 1950 aka faɗaɗa dokar hana kwanciya ma, yan sanda har laɓewa suke cikin dare su leƙa taga su kwashe zanin gado a kai kotu shaida, ɗauri ne. Sai 1985 aka soke.

Maman Biyu:
Ni roƙona kar ki maida shi gwarzo ita kuma tayi ta kuka. Shi yana cikin gida, ita ɗan akurkin ɗakin bayan gida take kwana, kofinta ma daban ake ajiyewa. Ki sa iyayenta a Sophiatown, wata unguwar baƙaƙe a Johannesburg, a 1955 ɗin aka fara kwashe mutanen unguwar da motoci aka rushe, daga baya aka ba farare.

Ɗan Damagaram:
Karanta tarihin Seretse Khama, baƙar fata ɗan sarautar ƙasar da ake kira Botswana yanzu, ya auri Baturiya Ruth Williams a Landan 1948, Ingila ta hana shi zama ƙasarsa saboda matsin Afirka ta Kudu, 1966 ya zama shugaban Botswana.

Yar Zazzau:
Nagode sosai, maganar kofin nan ta taɓa ni Maman Biyu, da ita zan buɗe babi na farko.