Neman kalma: me za mu kira injin nan mai share ɗaki da kansa?

Mai Shirin Gida: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis da safe, kuma sai na miƙa rubutun kafin la'asar ɗin Laraba. Batun shi ne yadda mutum zai zaɓi robot vacuum cleaner, injin nan mai taya da ke zagaya ɗaki yana kwashe ƙura, in cajinsa ya yi ƙasa ya koma mazauninsa da kansa. Shirin na minti 20 ne, sunan zai yi ta fitowa, don haka ina son wanda baki zai iya maimaitawa. "Mutum-mutumi mai shara" na sa a daftari, amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Cire mutum-mutumi tun yanzu. Wanda ya ji shi a rediyo zai zana wani abu mai hannu da ƙafa riƙe da tsintsiya, alhali abin nan kamar faifai yake, faɗinsa wajen santimita 35, tsayinsa bai cika wuce 10 ba. Kuma shara ba ita ce ainihin aikinsa ba. Ƙaramin buroshi na gefe yana jawo datti daga jikin bango, babban buroshin da ke ƙarƙashi yana ɗaga shi, sai fankar ciki ta zuƙe shi zuwa ɗan akwati. Zuƙar ce kuɗin. Shi ya sa a kwali ake rubuta lamba da Pa, ma'aunin ƙarfin zuƙa. Ni dai "injin zuƙe ƙura mai sarrafa kansa".

Mai Shirin Gida: Injiniya, kalma shida fa kenan. Kafin in faɗe ta sau goma lokacin talla ya yi.

Malamin Nahawu: To ga gajere: mazuƙi. Tsarin sunan kayan aiki ne, irin na mabuɗi, magogi, masassabi. A rubuce yana kama da sunan mai aikatawa, amma a baki karin sauti ya raba su: na kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, na mutum gaɓar tsakiya ce ke sauka, kamar manomi. Tunda rediyo ne, kunne zai bambance. Sai a ce mazuƙi ga wanda ake turawa da hannu, mazuƙi mai kai kansa ga wannan.

Baba Mai Ƙamus: Ku dakata. Hausa tana da hanyar da take yi wa mai ɗabi'a suna, ba sai an jera jimla ba: Mantau, Jimrau. Abin da ba shi da aiki sai shara, safe da yamma, ba a aike shi ba, sunansa Sharau. Gaɓa biyu. "Sharau ya gama falo." "A sa Sharau a caji." Wane yaro ne ba zai riƙe wannan ba? In zuƙar kuke so, Zuƙau.

Mai Gyara: Baba, Allah ya ƙara girma, amma in Malama ta ce "ku sayi Zuƙau ku ajiye a gida", hukumar yaƙi da shaye-shaye ce za ta fara kiran waya.

Baba Mai Ƙamus: To Sharau. Na tsaya a kan Sharau.

Mai Gyara: Mu a benci abin da masu kawo gyara ke cewa shi ne robot, ko su kira shi da sunan kamfani. Wasu kowane iri Roomba suke ce masa, don shi ya fara yin suna tun da iRobot ta fito da shi a 2002, ko da kuwa Roborock ne ko Ecovacs ko Xiaomi ko Eufy. Malama, kowane suna kika ɗauka, ga abin da ya kamata mai sauraro ya ji kafin ya ba da kuɗinsa, wato wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Ƙaramin mazaunin caji galibi yana karɓar 100 zuwa 240, a juya shi a karanta ƙarƙashinsa. Amma babban mazauni, wanda ke zuƙe dattin daga cikin injin ya tara a jaka, yana da nasa moto, kuma yawanci wuta iri ɗaya yake ɗauka. Irin wannan babban mazaunin da ya fito daga Amurka, in aka jona shi kai tsaye, ƙonewa yake a take. Sai da taransfomar rage wuta, kuma mai ƙarfi, don moton na iya jan wat kusan 1000 na 'yan daƙiƙoƙi. Mai ƙaramar inbata shi ma ya san da wannan.

Ɗan Damagaram: Mu a nan aspirater ake ce wa na hannu, wannan kuma robo. Idan shirin yana tsallako iyaka, "bakyum", wato vacuum ta Turanci, ba za ta yi wa kowa amfani ba a wajenmu. Mazuƙi na fahimce shi nan take. Sharau kuma na ɗauka sunan mutum ne.

Baba Mai Ƙamus: Robot, robo, aspirater. Kun ga abin da nake faɗa kullum. Harshe mai miliyoyin masu magana, a rasa sunan tsintsiya sai an roƙo daga London ko Paris? Waɗanda suka ce jirgin sama da jirgin ƙasa da wayar hannu ba su fi mu kai ba, kishi suka fi mu. Yau ɗan boko in ya ce robot gani yake ya waye, in ya ce Sharau gani yake ƙauyanci ne.

Malamin Nahawu: Baba, a yi adalci. Na'urar da kake yawan rubutawa Larabci ce. Inji Ingilishi ne. Agogo da keke daga Yarbanci suka zo, fanka asalinta Indiya. An yi shekaru ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a labarai, kasuwa ta ce kwamfuta, kuma kwamfuta ce ta zauna. Matsalar Sharau ba ƙauyanci ba ce. Tsarin nan na laƙabin mutum ne, yana ɗauke da zolaya, ba ya karɓar jam'i cikin sauƙi. In Malama za ta kwatanta iri uku, me za ta ce? Sharau-Sharau?

Baba Mai Ƙamus: Su Sharau. Ko ba ku koyar da "su" a jami'a?

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni mamaki, kullum aka zo neman kalma sai a yanke a Kano ko Zariya, mu sai dai mu ji a rediyo. Daidaitacciyar Hausa ba gadon gidan kowa ba ce.

Malamin Nahawu: Babu wanda ya ambaci Kano a nan, Malam.

Ɗan Damagaram: Ba sai an ambata ba.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Malamai, baiwar Allah nan ranar Laraba za ta miƙa aiki. Malama, bari in ba ki ɓangaren da matan gida za su tambaya, don su ne za su zauna da abin. Na farko ƙasan ɗaki. A kan tayil da siminti mai santsi yana aiki sosai. Ledar ɗaki mara kauri da ba a manne ba, gefenta yake ɗagawa ya maƙale. Tabarmar roba turawa yake ko ya naɗe bakinta. Darduma mai baza a gefe, bazar ce ke nannaɗe buroshi har ya tsaya yana ƙara. Kafet mai dogon gashi kuma taya ke nutsewa. Na biyu dokin ƙofa: yawancinsu ba sa hawa abin da ya wuce santimita 2, to gidan da kowane ɗaki da nasa tudun a bakin ƙofa, sai dai a riƙa ɗaukarsa ana kai shi. Na uku, a auna ƙarƙashin gado da kujera kafin a saya. In tazarar ba ta kai santimita 10 ba, mai ɗan tudu a ka ba zai shiga ba, ko ya shiga ya kasa fita.

Sai wanda ya fi muhimmanci a gidan da ake salla a falo: masu ƙyallen goge ƙasa a bayansu. Ƙyalle ɗaya ne yake ja daga wannan ɗaki zuwa wancan. In yaro ya yi fitsari a ƙasa ba a gani ba, injin bai san najasa ba, zai bi da ita ko'ina. A duba ƙasa kafin a tashe shi, kuma a sayi wanda ake iya shata masa iyaka a taswirar gidan da yake zanawa, a ce kada ya shiga nan. Suna kuwa, mata "injin shara" za su ce, ko kun yarda ko ba ku yarda ba.

Injiniya: Maganar taswirar Hajiya ita ce ainihin inda farashi ke rabuwa, kuma ita ce dalilin da na nace da "mai sarrafa kansa". Hawa uku ne. Mafi arha ba ya ganin komai, tafiya yake har ya yi karo ya juya, yana maimaita wuri ɗaya yana tsallake wani. Ya isa ɗaki guda, bai isa gida ba. Na tsakiya yana bin layi-layi da ma'aunin juyi na cikinsa, amma in aka ɗaga shi ko taya ta zame, lissafin ya rikice. Na sama shi ke zana taswirar gida, ko da kyamara ko da hasken leza, wato ɗan tudun nan mai juyawa a kansa. Mai kyamara yana son haske, in an ɗauke wuta da dare sai ya ruɗe. Mai leza duhu ba ya damunsa, madubi ne abokin gabarsa: madubin da ya sauko har ƙasa sai ya ɗauke shi ƙofar wani ɗaki. Dukansu suna da idanu a ƙarƙashi masu hana su faɗowa daga matakala, kuma waɗannan idanun kan ɗauki baƙin kafet a matsayin rami, su ƙi hawa.

Kada lambar Pa ta ruɗi kowa. Ƙasa mai tayil, 2000 zuwa 3000 ta wadatar. Manyan lambobin nan amfaninsu a kafet ne, kuma kowane kamfani da yadda yake aunawa. Abin da ke kashe ƙarfin zuƙa a ƙasar nan ƙurar hunturu ce. Akwatin dattin bai fi mililita 300 zuwa 500 ba, lokacin hazo sai an zubar kullum, a kakkaɓe filta. In irin wadda ake wankewa ce, ta bushe kwana guda cur kafin a mayar, don jiƙaƙƙiya tana haɗa ƙura ta zama taɓo, laimar kuma ta kai ga moto. Sannan Wi-Fi: da yawansu zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin na 5 GHz, kuma nan ne mutane ke cewa manhajar waya ta ƙi haɗuwa da injin.

Malamin Nahawu: "Filta" kuma? Ga mataci a Hausa. Ko matata.

Mai Gyara: Malam, ka tsaya a rediyo ka ce "in matata ta toshe sai in kakkaɓe ta" mu ga inda za ka kwana. Filta kowane bakanike ya san ta. A ƙara wannan a shirin: kafin a saya a tambayi mai shago ko yana da filta da buroshin gefe da batir na wannan samfurin. Filta wata biyu zuwa uku ake canza ta in ƙura ta yi yawa. Wanda ba a samun kayansa, ranar da batir ya mutu ya zama kayan ado. Gashi da zaren kitso suna naɗewa a bakin buroshi da gindin ƙaramar tayar gaba, a sa almakashi a yanke duk mako, in ba haka ba moton buroshin ke ɗaukar zafi. Buroshin roba ya fi na gashi sauƙin tsaftacewa. Kuma in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, mazaunin ya daina aika masa alama, sai ya yi ta yawo har caji ya ƙare a ƙarƙashin gado. Mai sola ya jona mazaunin a layin da ba ya yankewa. In za a yi doguwar tafiya a cika shi a kashe shi gaba ɗaya, batir ɗin ba ya son zama fanko.

Baba Mai Ƙamus: Duk wannan bayanin, Sharau bai hana ko ɗaya ba.

Mai Shirin Gida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi. A buɗe shiri zan ce "injin shara mai sarrafa kansa, wanda wasu ke kira robot ko robo", in bayyana sau ɗaya cewa zuƙa yake yi ba shara irin ta tsintsiya ba, daga nan sai "injin shara" har ƙarshe. Filta ta zauna filta. Mazuƙi zan ajiye wa na hannu in na zo kwatanta su. Baba, zan ce wani dattijo ya raɗa masa Sharau, in masu kiran waya sun ɗauka shi ke nan.

Injiniya: Injin shara ai motar nan mai share titi ma ta shiga ciki. Amma tunda kin yi bayanin zuƙa, na haƙura.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba, amma ba zan hana ki barci ba. A dai faɗi mazuƙi da karinsa daidai.

Baba Mai Ƙamus: "Wani dattijo." To. A rubuta a ajiye, nan da shekara biyar mu ga wanda yara ke faɗa.

Mai Shirin Gida: Saura guda. Mazauni ya yi wa ƙaramin na caji. Babban fa, mai kwashe datti ya wanke ƙyalle? Shi ma mazauni, ko tasha?

Ɗan Damagaram: Tasha dai ba ta Hausa ba ce, kafin Baba ya faɗa.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Ki ce babban mazauni mai jaka, ki wuce. Ki dai gaya musu jakar sayenta ake yi, ba a wanke ta.