Gyaran tsohon titi ko yin sabo: wanne ya fi mana a Katsina?

Ɗan Kankiya: Jama'a ni dai maganata ɗaya ce, duk kuɗin da za a zuba a sabon titi gara a zuba su a tsofaffin da muke bi kullum. An ƙaddamar da Legas zuwa Kalaba kilomita 700 a 2024, an ƙaddamar da Sakkwato zuwa Badagiri sama da kilomita 1,000, alhali titin Abuja zuwa Kano da aka fara gyarawa tun 2018 shekaru suka yi ta tafiya ana jira, to a kan me za a buɗe sabon aiki ba a rufe tsoho ba?

Direban Daura: Wallahi ka faɗi gaskiya ɗan'uwa. Mu da ke bin Daura zuwa Katsina ta Mashi mun san abin da ke kashe mutane, rami ne da taho-mu-gama, mutum ya kauce ma rami sai ya faɗa hannun wani. A cike ramuka, a faɗaɗa kafaɗar titi, a ja layi, shi ke nan fa.

Injiniya: Kawu ban ƙi taka ba amma ba ko'ina gyara ke da sauƙin kuɗi ba. Ku dubi hanyar Kano, ta Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanchi, duk ta tsakiyar gari take ratsawa, ranar kasuwa awaki da masu tura baro da 'yan acaba duk a kan kwalta, in ka mai da ita tagwaye a nan ka ƙara ma direba gudu ne a cikin mutane, ga kuma diyyar shaguna da gidaje da za a rushe wadda wani lokaci ta fi ta gona nesa ba kusa ba. A irin wannan wuri sabon baifas da zai zagaye gari shi ne ke ceton rai.

Hajiya mai hatsi: Ɗana in ka zagaye gari ka kashe mana kasuwa ke nan, masu tsire da masu fura da matan da ke sai da gyaɗa a bakin titi da wa za su yi ciniki?

Injiniya: Hajiya wannan damuwa ce ta gaske, shi ya sa ake yin tasha da mashiga zuwa cikin gari, mai saye ya shiga, tirelar da ba ruwanta da garin ta wuce.

Ɗan Kankiya: To ai baifas ɗin ma gyaran tsohuwar hanya ne Malam, guntu ne ba kilomita ɗaruruwa a daji ba. Kuma sabon titin da ya ratsa dajin da babu ƙauye babu jami'in tsaro, wa zai bi shi da dare a halin da muke ciki?

Direban Daura: Ni abin da ke ci mani rai shi ne obalodi. Ko sabo ko tsoho damina biyu ta ishe shi.

Injiniya: Nan kam mun haɗu. In aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da tayoyi ke jikinsa, ɓarnar da take ma kwalta tana kai wa ninki 16, sannan ruwa ya kwanta don kwalbati ya toshe ya jiƙa ƙasan titin. Sai an sa sikelin auna manyan motoci, an kuma gama jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, siminti da hatsi su koma kansa.

Hajiya mai hatsi: Allah Ya sa, amma kafin nan a fara yashe mana kwalbatocin kafin ruwa ya sauka.