Waƙafi mai ruwa, ruwa biyu da dogon kara: a ba ni shawara

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubuta kundin kammala digiri, mai duba ni sai zagaye min waƙafi mai ruwa (;) yake da jan biro, wai ban san wurinsa ba. Don Allah wa zai fayyace min, ko ya nuna min abin da zan karanta?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙe gwaji ɗaya: cire alamar ki sa aya. In ɓangarorin biyu suka tsaya da ƙafarsu a matsayin cikakkun jimloli, to waƙafi mai ruwa ya dace. Misali: "The rains came late; the millet failed." Kowanne jimla ne, amma zancensu ɗaya, shi ya sa ba a raba su da aya ba. Inda ɗalibaina suka fi faɗawa shi ne gaban "however". Sai su sa waƙafi zalla su wuce. Daidai shi ne: "The sample was small; however, the result was clear." Waƙafi mai ruwa kafinta, waƙafi zalla bayanta. Duba kundinki, na tabbata yawancin jan biron a nan yake.

Ɗalibar aji huɗu: Wallahi Malam haka ne, kusan duk a nan ne. To ruwa biyu (:) fa?

Anti mai gyaran rubutu: Ƙanwata, ruwa biyu cewa yake "ga shi nan tafe". Bayani ko jeri ne ke biyo shi. Sharaɗin dai abin da ya zo kafinsa ya zama cikakkiyar jimla. "We visited three markets: Kurmi, Dawanau and Kwari." Amma kar ki rubuta "The markets are:" ki dasa shi tsakanin aikatau da abin da ke cika shi. Wannan yana ci min rai a ayyukan da ake kawo min, don takardun ofis sun sabar wa mutane da shi.

Malamin Turanci: Na ƙara da jerin da ke da waƙafi a cikinsa: "Kano, Nigeria; Zinder, Niger; Kumasi, Ghana." Ba don waƙafi mai ruwa ba, mai karatu zai ɗauka wurare shida ne.

Mai shagon kwamfuta: Ni ta ɓangaren bugawa zan sa baki. Kara uku ne, ba ɗaya ba. Karan ɗori shi ne gajere, na haɗa kalmomi. Matsakaicin na tsakanin lambobi ne, kamar 1967–1970 ko shafi 12–18. Dogon kuma na katse zance. A kwamfuta riƙe Alt ki buga 0150 a lambobin gefen dama, matsakaici zai fito. 0151 kuma dogon. A waya danne karan ɗori ki ɗan jira, sauran za su bayyana.

Anti mai gyaran rubutu: Madalla. Sai dai ki sani, Amurkawa dogon suke sawa ba tazara, yawancin maɗaba'un Ingila kuwa matsakaici suke sawa da tazara gaba da baya. Zaɓi ɗaya ki bi har ƙarshe. A kundi ma ni shawarata ki rage amfani da karan katse zance, ya fi dacewa da labari da maƙala.

Ɗan NYSC: Ni shafin Purdue OWL, na koyar da rubutu na Jami'ar Purdue, shi ya taimake ni, kyauta ne, akwai misalai da yawa.

Malamin Turanci: Yana da kyau, amma salon Amurka yake bi. Fara tambayar sashenku wane salo suke so, APA ne (tsarin rubutun bincike na American Psychological Association) ko wani.

Ɗalibar aji huɗu: APA ne Malam. Allah ya saka da alheri. Anti, in na gyara babi na biyu zan iya turo miki shafi ɗaya ki duba?

Anti mai gyaran rubutu: Turo bayan Isha'i.