Maitosis a saiwar albasa: me ya sa ba ma ganin kuromosom?

Malama Hadiza, Agege: Assalamu alaikum malamai. Muna shirya wa 'yan SS2 darasin rabuwar ƙwayar halitta (maitosis) da saiwar albasa, don su ga kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado. Saiwa ta fito, mun rina, amma a maikiroskop ko dai dogayen ƙwayoyi muke gani, ko wani dunƙule mai duhu da haske ba ya ratsawa. Daga ina matsalar take?

Malam Sani, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Malama. Dogayen ƙwayoyin nan alama ce kun yanko nesa da tsini. A can ƙwayoyi sun daina rabuwa, tsawo kawai suke yi. Rabuwar tana milimita 1 zuwa 2 na ƙarshen saiwa, wurin da ya fi fari, ƙwayoyinsa ƙanana masu kusurwa huɗu.

Dunƙulen kuwa rashin laushi ne. Ku bar saiwa ta kai santimita 2 zuwa 3, ku yanke, ku jiƙa a haɗin itanol kashi 3 da asid asetik kashi 1 don rabuwar ta tsaya cak inda take. Sai a sa ta a asid haidirokulorik (HCl) mai ƙarfin 1M, a ruwan ɗumi na digiri 60, kamar minti 5. HCl ɗin ne ke narkar da fektin da ya manne ƙwayoyi da juna. In lokacin ya yi kaɗan, ba za su baje ba. Ya wuce kima, saiwa ta zama kunu, rini kuma ya ƙi kamawa. A ɗauraye da ruwa, a ɗora saiwar a kan silaid, a ɗiga rinin aseto-osin, a jira minti 5 zuwa 10. Bayan an rufe da siririn gilashi, a ɗora takardar tacewa a danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. Kada a murza gefe, kuromosom za su kakkarye.

Malam Kabiru, Mile 12: Ƙari kan na Malam Sani, ku duba albasar kanta. Sabuwar da aka cire kwanan nan takan yi nawar fitar da saiwa, gara wadda ta ɗan kwana. A kankare busasshiyar saiwar gindi, gindin kaɗai ya taɓa ruwa. Da zafin Legas ruwan kwalba yana saurin lalacewa, a canza shi kullum. Saiwar da ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta yi yauƙi, a jefar.

Malama Bilkisu, Yaba: Yaya Hadiza, ko silaid ya yi kyau, mafi yawan ƙwayoyin za ki same su a intafes, wato lokacin da ƙwaya ba ta cikin rabuwa, cibiya zagayayya ba zare. Haka ya kamata, domin nan ƙwaya ta fi daɗewa: tana girma a matakin G1, tana kwafar DNA a matakin S, tana shirin rabuwa a matakin G2. Ki fara da gilashin x10 ki nemo ƙananan ƙwayoyin, sannan ki koma x40.

Matakan maitosis kuwa: a furofes zaren kuromosom yana kauri yana bayyana a cukurkuɗe. A metafes sun jeru a tsakiya, layi ɗaya mai duhu. Albasa tana da kuromosom 16, amma daga gefe ƙirga su da wuya. Anafes ya fi sauƙin ganewa, rukuni biyu suna janyewa zuwa ƙarshen ƙwaya, sai dai gajere ne, shi ya sa ba a cika samunsa ba. A telofes ki nuna wa yara abin da ya bambanta shuka da dabba: ƙwayar dabba tsukewa take yi a tsakiya, ta shuka kuwa bangonta ba ya tsukewa, sai ƙananan jakunkuna daga Golgi, wani sashe a cikin ƙwaya, su taru a tsakiya su gina sabon bango daga ciki zuwa gefe. Albasa ba ta da sentiriyol, ƙaramin sashen da ake gani a ƙarshen zaren rabuwa a ƙwayar dabba, amma zaren da ke jan kuromosom yana samuwa. Ɗalibai na yawan zana sentiriyol a ƙwayar albasa, a gyara musu tun yanzu.

Malama Hadiza: Allah ya saka da alheri. In babu aseto-osin fa?

Malam Sani: Aseto-kamin ko tolwidin bulu za su yi. Da tolwidin minti 2 ya isa, amma a ɗauraye asid ɗin sosai tukuna.