A yanke ko a ɗinke? Muhawara kan gwiwar ɗan wasa

Yayan ɗan ƙwallo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ɗan wasan tsakiya ne, shekararsa 19, ya murɗe gwiwa wajen atisaye. Hoto ya nuna guringuntsin nan mai siffar jinjirin wata, wanda likitoci ke kira meniskus, ya yage. Likita ya ba mu zaɓi: ko a yanke wajen da ya yage yaro ya koma fili cikin 'yan makonni, ko a ɗinke ya yi wata huɗu zuwa shida a gefe. Ni na ce a yanke. Aikin guringuntsi yanzu ba komai ba ne, ana yi ana komawa kamar ba a taɓa ba. Ko da mai ja?

Masoyin tanis: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Yaya. An yi wa Suarez irin wannan aikin a watan Mayun 2014, ko wata ɗaya bai cika ba ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Djokovic ɗan wasan tanis kuwa an yi masa a watan Yunin 2024, yana da shekara 37, ya kai wasan ƙarshe a Wimbledon a Yuli, a Agusta ya ɗauki zinaren Olamfik a Paris. Wace shaida kuma ake nema?

Tsohon mai tsaron baya: Ni ina da ja, kuma da gwiwata nake ja. Ina da shekara 22 aka yanke min, mako biyar na koma, kowa na yaba min. Kaka uku na yi lafiya lau. Daga nan duk wasan da na buga sai gwiwar ta kumbura sumtum, a sa sirinji a zuƙe ruwa rawaya. Yau ban kai arba'in ba, amma tsuguno ya gagare ni, saukowa daga bene sai na riƙe ƙarfe ina jin ƙas-ƙas a ciki. Ku tuna Ledley King na Tottenham: guringuntsinsa ya cinye har ba ya iya atisaye da 'yan'uwansa a tsakiyar mako, ya ajiye ƙwallo a 2012 yana da shekara 31. Ranar dawowa kowa ke gani a talabijin, abin da ke biyo baya kai da iyalinka kaɗai kuka san shi.

Likitar gashin ƙashi: Sannu, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ku ba ni dama in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Meniskus matashi ne tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, shi ke rarraba nauyi. Akwai kuma guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kan ƙasusuwan. Duk abin da aka rage daga matashin, nauyinsa kan mai santsin yake komawa, shi kuma ba shi da jijiyoyin jini, in ya goge ba ya tofowa. Shi ya sa in ya lalace ake huda ƙashin da ke ƙarƙashinsa don jini da ɓargo su fito su cike ramin, amma abin da ke fitowa kamar tabo ne, bai kai na asali ƙwari ba. Amar'e Stoudemire na ƙwallon kwandon Amurka an yi masa wannan hudar a 2005, ya dawo a Maris 2006, wasa uku kacal ya buga aka sake ajiye shi. Sai a kakar da ta biyo ya koma ganiyarsa. Don haka cewa aikin guringuntsi ba komai ba ne, gaskiya ban yarda ba.

Koci: Likita, da girmanki, amma kar a mai da ɗinki tsarkakakke. An ɗinke wa Derrick Rose, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, a ƙarshen 2013, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya, a Fabrairun 2015 wurin ya sake yagewa, ƙarshenta dai yankewar aka yi. Ansu Fati fa? Yana da shekara 18 ya ji nasa a Nuwamban 2020, aka ce wata huɗu, sai da ya haura wata goma, an shiga gwiwar fiye da sau ɗaya. Yaron da ke neman kwantiraginsa na farko, wata shida a benci na iya zama ƙarshen zancensa. Na ga yaran da gwiwa ta warke amma gurbinsu ya tafi, abin yana ci min rai har yau.

Likitar gashin ƙashi: Gaskiyarka, Koci, ɗinki yana iya warwarewa, ban musa ba. Amma in ya warware ana iya yankewa daga baya, wanda aka yanke kuwa ya tafi ke nan. Kuma ba kowace yaga ke ɗinkuwa ba. Gefen waje na meniskus ne ke samun jini, can ɗinki ke kamawa, tsakiyar kuwa fari fat take, jini ba ya kai mata. Tunda har likitansu ya ambaci ɗinki, alama ce ya ga abin da zai iya kamawa. Yaya, ka koma ka tambaye shi a ina yagar take, kuma in za a yanke, kashi nawa za a cire.

Tsohon mai tsaron baya: Dwyane Wade, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, shi ma da bakinsa ya ce ya yi nadamar cire masa meniskus da aka yi a 2002 yana jami'a. Kuma Djokovic a ƙarshen tafiyarsa yake, yaron nan ko farawa bai yi ba.

Koci: Ni dai ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. In yagar ƙarama ce a tsakiya, a gyare ta yaro ya buga ƙwallonsa.

Yayan ɗan ƙwallo: Na gode ƙwarai, kun sa jikina ya yi sanyi. Sai yanzu na lura ko sau ɗaya ban tambayi shi mai gwiwar abin da yake so ba. Jibi za mu koma wajen likita tare, kuma zan rubuta tambayoyin nan biyu a takarda kar in manta.