Injin markaɗe da girkin Indiya: abin da kowa ta gani a kicin ɗinta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi injin markaɗe mai faffaɗan kwano, wanda yake yanka kuma yake kwaɓi, ina son in gwada miyar kori da capati irin na Indiya, wato gurasar alkama marar kauri da ake gasawa a kasko. Waɗanda suka riga ni gwadawa, don Allah ku faɗa mini inda ya yi muku rana da inda ya ba ku kunya.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A wajen kwaɓi ban taɓa yin da-na-sani ba. Ina zuba kofi 2 na garin alkama da ɗan gishiri, in kunna injin, in riƙa tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan har ya kusa kashi 3 cikin 4 na kofi, da zarar ƙullun ya dunƙule ya bar jikin kwano sai in kashe, domin idan aka bar shi yana juyawa wuƙar tana ɗumama shi ya yi danƙo. Ki rufe shi ya huta minti 30 kafin ki murza.

Amsa ta 2: Ni albasa ce ta koya mini hankali, Hajiya. Ranar farko na markaɗe ta lukui kamar ta miyar tumatir, sai ta saki ruwa, ta ƙi soyuwa, miyar kuma ta fito da ɗaci-ɗaci har maigida ya tambaya ko magani na zuba. Lokacin da nake karatu a Indiya na ga matar gidan da na zauna tana soya yankakkiyar albasa a wuta kaɗan har ta yi ja sosai, sannan ta sa citta da tafarnuwa, sai tumatir da kurkur, ba ta kuma zuba nama sai mai ya taso ya rabu da kayan miya. Yanzu ina latsa injin in saki, sau 6 ko 7 kawai, albasar ta fito ƙanana ba tare da ta zama kunu ba. Soyawar kuwa tana cin minti 20 ɗinta, da inji ko babu inji.

Amsa ta 3: Gaskiya Yaya ta faɗa. Ƙari a kan haka, kirfa da kanumfari ba sa nikuwa a wannan inji, yawo kawai suke yi a kwanon suna karce shi, saboda haka ina gasa su sama-sama in daka a turmi. Citta da tafarnuwa kuwa ina markaɗa su daidai wa daida da ɗan mai, in zuba a kwalba in sa a firiji.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada jiya, ƙullun ya yi laushi, sai dai capatin bai kumbura ba.

Amsa ta 1: Kaskonki ne bai yi zafi sosai ba, ko kuma wani gefen ya fi wani kauri wajen murzawa. Idan kin juya shi karo na biyu, ki danna gefensa da tsabtataccen ƙyalle domin tururin ya ratsa tsakiya, sannan ki shafa man shanu tun yana da zafi.